Ni da Ba Na Mantuwa

Asabar, 3 ga Mayu

Yau an ci mini mutunci a ɗakin karatu, a gaban mutum tara, wai kuma da sunan wasa.

Malamar da ke kula da ɗakin ce ta kawo shawarar tun makon jiya: kowane ɗan ƙungiyarmu ta masu karatu ya zo da littafi uku, ban da na ƙagaggen labari, waɗanda suka sauya masa tunani. Za a rubuta sunayensu a kafa a allon bakin ƙofa ko wani ya amfana. To madalla. Kwana biyu na yi ina zaɓe. Na kai wanda ya yi bayanin yadda kotuna suka samo asali. Na kai tarihin wata shugabar asibiti da ta gyara wurin da horo da tsare gida. Na kai ɗan ƙaramin nan mai koren bango a kan kiyaye lokaci. Na yi bayanina tsaf, minti goma, ban ƙara ko daƙiƙa ba.

Ina zama sai tsohon likitan dabbobin nan, wanda nake kira Likitan Awaki a raina, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. Wai, "Akawu, kafin ki karanta na asibitin nan, yaya kike ganin mutane?" Na ce ina ganin sai da horo suke aiki. "To bayan kin karanta fa?" Na ce na ƙara tabbatarwa. Sai ya ce, "Ashe ba tunani suka sauya miki ba, tafi suka yi miki."

Aka kwashe da dariya. Har da telar nan da na haifi wadda ta girme ta.

Shekara talatin da ɗaya ina akawun kotu. Alƙali bakwai na yi aiki da su, ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda ya ce in gyara. Sai yau mai duba bakin akuya zai koya mini ma'anar karatu.

Da za a tashi ya miƙo mini nasa littafin, mai shuɗin bango, kusurwoyinsa duk sun lanƙwashe. Wai a kan yadda ɗan Adam yake tuna abu ne. Na karɓa ne kawai don kada a ce tsoro na ji.

Lahadi, 4 ga Mayu

Yana kan firiji. Ban buɗe ba. Warin maganin dabbobi yake yi.

Talata, 6 ga Mayu

Auta ta biyo daga wurin aiki. Na ba ta labarin don ta taya ni jin haushi, sai ga 'yar da na haifa tana rufe baki da gyale tana dariya. "Umma, ai gaskiya ya faɗa." Na ce ta tashi ta duba tukunya.

Daga kicin ta jefo maganar da ta zo da ita, don ta san ba za ta iya faɗa ido da ido ba. Wai Umma Ƙarama, haka take kiran ƙanwata, za ta ajiye koyarwa ƙarshen wata mai zuwa, ta koma wurin ɗanta a wata ƙasa. "In ta tafi fa ta tafi ke nan, Umma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Bari in rubuta a nan, tun da yaran yanzu sun ɗauka haka kawai mutum yake yanke 'yar'uwarsa shekara goma sha ɗaya. Ranar Laraba ce. Asibiti, ɗaki na huɗu, gadon da ke jikin taga. Inna, mahaifiyarmu, tana kwance numfashinta yana sama-sama. Ƙarama tana sanye da gyale ruwan ɗorawa, ina ganinsa yanzu kamar in taɓa. Bayan azahar ta miƙe ta ce, "Yaya, ni na gaji, zan tafi gida." Ta ɗauki jakarta ta fita. Kafin la'asar Inna ta buɗe ido ta ce, "Ina Ƙarama?" Sau biyu ta tambaya. Biyar saura ta cika, hannunta a cikin nawa, ni kaɗai.

Bayan kwana bakwai na faɗa mata a gaban dangi, ban rage komai ba. Tun daga nan sai gaisuwa in an haɗu a wurin rasuwa. Ni ba na mantuwa. Sana'ata ce rashin mantuwa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na fara littafin, don in sami abin da zan mayar wa Likitan Awaki.

Marubucin wani masanin halayyar ɗan Adam ne, kuma mai surutu ne na ƙarshe. Wai tunawa ba kamar ciro fayil daga kabad ba ce. Wai duk lokacin da mutum ya tuna abu, sake ɗinka shi yake yi, ya ɗan rage nan, ya ɗan ƙara can, bai sani ba. Wai har wanda ya fi kowa rantsuwa ba lallai ne ya fi kowa gaskiya ba.

To in haka ne a rufe kotuna mana, a sallami alƙalai su je su yi noma.

Na rubuta "ƙarya" a gefen shafi huɗu. Da fensir, don ba nawa ba ne.

Asabar, 10 ga Mayu

Na tafi da hujja biyar a rubuce, kowace da lambar shafi. Sai da na jira telar ta gama nata. Wai littafi ne a kan ƙudan zuma, tun da ta karanta ta daina kashe su in sun shigo shago, har ruwa take ajiye musu a murfin kwalba. Tsohon direban nan kuma nasa a kan taurari ne. Wai ya gane duniyar gaba ɗaya ba ta kai ƙwayar hatsi ba, shi ya sa ya daina zagin wanda ya sha gabansa a titi. Aka yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Wannan shi ne sauyin tunani? Ruwa a murfin kwalba?

Da na karanto hujjojina, Likitan ya saurara har ƙarshe, hannunsa a haɓa. Ya ce, "Kin kai babi na shida?" Na ce ina na uku. Ya ce, "To sai kin kai."

Shi ke nan amsar. Hujja biyar!

Litinin, 12 ga Mayu

Babi na huɗu a kan masu ba da shaida ne. Na so in tsallake.

Akwai wani mai gyaran keke, a shekarata ta tara ko ta goma a kotu. An fasa wani shago, mace ɗaya ce ta ce ta gan shi. Ta nuna shi da yatsa ta ce wa alƙali, "Na gan shi kamar yadda nake ganinka yanzu." Ko ɗar ba ta yi ba. Na tuna har na ji ta burge ni, na ce ga shaida kamar shaida. Shi kuwa sai in-ina yake yi, yana cewa yana gida, yana gida. Shekara huɗu aka ba shi.

Ba ni na yanke hukuncin ba. Ni bugawa kawai na yi a tafireta.

Wannan littafin ba shi da ladabi.

Laraba, 14 ga Mayu

Na kai babi na shidan da ake ta yi mini barazana da shi. Ga abin da ke ciki. An sa wasu ɗalibai su rubuta inda suke da abin da suke yi lokacin da suka ji wani babban labari, washegari aka sa su rubuta, abin yana ɗanye. Bayan 'yan shekaru aka sake tambayarsu. Da yawa suka ba da labari dabam. Da aka nuna musu takardunsu, wasu suka ce, rubutun dai nasu ne, amma ba haka aka yi ba.

Sakarkaru. Yara masu ƙwaƙwalwar kaza.

Ni kuwa ina da kundi irin wannan da nake rubutu a ciki na kowace shekara tun ranar da na fara aiki, suna cikin akwatin ƙarfe a saman kabad ɗin kaya. Zan ciro na shekarar da Inna ta rasu. Auta za ta gani da idonta, Laraba, ɗaki na huɗu, "Yaya, ni na gaji." Sa'an nan in je in gaya wa Likitan Awaki cewa na gwada littafinsa a kaina, ya faɗi warwas. Gani ya kori ji.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na sauko da akwatin da kaina, saura kaɗan kujerar ta kayar da ni. Ban buɗe ba tukuna, bayana yana ciwo.

Asabar, 17 ga Mayu

Ban je ɗakin karatu ba.

Da hantsi na buɗe. Kundin mai baƙin bango ne, takardun sun yi ja. Na sami wurin a wata na takwas. Ranar Litinin ce. Ba Laraba ba.

Zan kwafe shi a nan yadda yake, ba ragi ba ƙari, don haka aka koya mini aiki.

"Ƙarama tana ta kuka a kan Inna tun safe. Na ce ta tafi gida ta yi wanka ta huta, kukanta yana tayar wa Inna hankali. Ta ce in bar ta, ba za ta ƙara ba. Ta riƙe ƙarfen gado. Na ce ta tashi, ni ce babba. Na ɗauko mata jakarta, na raka ta har bakin ƙofar asibiti da kaina. Inna ta tambaye ta sau biyu. Na ce yanzu za ta dawo. Biyar saura Inna ta cika."

Rubutuna ne. Har da yadda nake jan wutsiyar "y".

Lahadi, 18 ga Mayu

Tun safe nake neman wanda zan ji haushinsa.

Likitan Awaki, wa ya aike shi? An ce a kawo littafin da za a kafa sunansa a allo, ba a ce a shiga gidajen mutane a tone musu rami ba. Marubucin, da bai san ni ba bai san Inna ba. Baban su Auta, Allah ya ji ƙansa, yana asibitin ranar, a benci a waje. Ya ga lokacin da na fito da ita. Ranar bakwai ɗin ma yana zaune sa'ad da na yi mata wankin babban bargo. Bai ce uffan ba. Shekara shida ya ƙara a duniya bai ce uffan ba. Ko da yake, wa ya isa? Ya taɓa cewa, "Ke in kika kafe, ko guduma ba ta shiga." Na ɗauka yabo ne.

Na ce wa kaina wataƙila na rubuta haka ne don in rufa mata asiri. Amma a kundin da ba mai gani sai ni? Kuma ni ban taɓa rubuta abin da ba a yi ba, a kotu ko a gida. In kundin ya yi ƙarya, ni ce maƙaryaciyar. In bai yi ba, ni ce dai.

Abin da ya fi ci mini rai, har yanzu in na rufe ido ina jin muryarta, "Yaya, ni na gaji." Sarai nake ji. Daga ina na samo ta?

Talata, 20 ga Mayu

Likitan ya bugo waya, wai ba su gan ni ba ranar Asabar, ko lafiya. Na ce lafiya lau, kuma littafinsa ya cika surutu, da an rage shafi ɗari ba abin da zai ragu. Ya ce haka ne. Sa'an nan ya ce, "Ni ma sati uku na yi ban fita ba da na kai babi na shidan."

Ban tambaye shi me ya tono a nasa gidan ba. Na ce ina da tukunya a wuta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na ba Auta kundin a buɗe, na ce karanta, kuma kada ki ce komai.

Ta karanta sau biyu. Ta rufe, ta ajiye a kan cinyata a hankali kamar ƙwai. Na zuba ido ina jiran "ai na faɗa miki", na shirya amsa ma. Sai ta tashi ta wanke kwanonin da na riga na wanke. Da za ta tafi, tana sa takalmi, ta ce, "Ƙarfe biyu take dawowa daga makaranta. Gidan yana nan inda kika san shi."

Ban ce zan je ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Yau ma ban je ba. Na gama littafin. Na goge fensirin duka, sai da takardar shafi ɗaya ta kusa hujewa.

Litinin, 26 ga Mayu

Na je.

An canja wa ƙofar fenti, an sare bishiyar da ke bakin gidan. Na ƙwanƙwasa kamar mai karɓar kuɗin wuta. Ita ta buɗe. Ta yi furfura, ba wanda ya gaya mini ta yi furfura haka. Ta tsaya riƙe da ƙofa, alli a gefen hannun rigarta, ta ce, "Yaya? Wa ya rasu?"

Na ce ba kowa.

Falon duk kwalaye, wasu an ɗaure, wasu a buɗe. Ta kawar da tarin littattafan yara daga kan kujera na zauna. Muka gaisa, gaisuwar baƙi, ina gajiya, yaya aiki, yaya ɗan naki. Da gaisuwa ta ƙare na ciro kundin daga jaka na buɗe wurin na miƙa mata. Tun a mota na tsara jawabi, sakin layi uku. Ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Ta nemo tabarau. Ta karanta a tsaye, leɓenta yana motsi. Na ga ta kai wurin ƙarfen gado, ta tsaya, ta ci gaba. Ta rufe ta miƙo mini.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ai ina wurin."

Na ce to me ya hana ta faɗa? Da ƙarfi na faɗa, wai ni ce ma mai faɗa. Shekara goma sha ɗaya ta bar ni ina—

Ta ce, "Na faɗa. Ranar bakwai na faɗa, kika ce in rufe miki baki. Bayan wata biyu na zo gidanki na sake faɗa. Kika ce ke akawun kotu ce, ba kya mantuwa." Ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane. "Daga baya ni ma na fara shakka. Na ce ko dai na faɗi hakan ne ban sani ba. Na gaji ɗin kuwa ranar, ba ƙarya ba ne."

Wannan ne ya karya ni. Ashe ba kaina kaɗai na yi wa ɗinkin ba, har ita na sa ta saka rigar.

Ta zauna a kan wani kwali. Can ta ce, "Da gaske sau biyu ta tambaye ni?" Na ce sau biyu, ga shi a rubuce. Ta ce, "Me kika ce mata?" Na ce na ce yanzu za ki dawo. Ta gyaɗa kai. Sai kukan ya zo mata, irin kukan nan nata mai sauti da na tsana tun muna yara.

Ban ce ta yi shiru ba.

Na ce ta yafe mini. Ina jin na faɗa. Zan rubuta cewa na faɗa, in ba haka ba ne ita ta gyara.

Asabar, 31 ga Mayu

Na koma ɗakin karatu. Malamar ta riga ta kafa sunayen a allo, ta bar gurbina fari, wai tana jiran in tabbatar da ukun nan nawa. Na ce ta bar su, littattafai ne masu kyau, ban janye ko ɗaya ba, amma ba amsar tambayarta ba ne. Na ce ta rubuta mai shuɗin bangon. Ta ce ai Likita ya riga ya sa shi a nasa. Na ce to a sa sau biyu, allon gwamnati ne?

Ta ce in ba da dalili a layi ɗaya don masu wucewa. Na ce ta rubuta: "Marubucin ya cika surutu. A daure a kai babi na shida."

Na mayar wa Likitan Awaki kayansa. Ya juya shafukan, ya ga inda na goge, ya sa a aljihu. Ko murmushi bai yi ba. Da ya yi dariya da na san abin da zan ce masa. Mutumin nan ya iya ɓata wa mutum rai.

Telar ta ce za ta ara mini na ƙudan zuman. Na ce sai na duba lokacina. Yana cikin jakata.

Talata, 3 ga Yuni

Ƙarama ta zo da yamma. Wai ta kawo mini bargon Inna ne da wasu hotuna, ba za su shiga kwali ba. Saura kwana ashirin da shida ta tafi. Ba lissafi nake yi ba, Auta ce ta faɗa.

Har yanzu ba ta iya zama a kujera kamar mutane ba, sai ta naɗe ƙafa. Har yanzu in tana magana sai ta taɓa mutum. Ta ce za ta dawo ranar Juma'a in taya ta rarraba takardun fanshonta, don an ce ni na iya fayil. Na ce sai dai ta zo da wuri, ba na son jira.

Na haɗa mata shayi, na sa sukari cokali biyu kamar kullum. Ta kurɓa ta ɓata fuska. "Yaya, ai ni tun muna yara uku nake sha."

Ni da zan iya rantsewa biyu ne.

Na miƙa mata gwangwanin.